Jirgina da Dankalin Danuta

Zuwa ga Yaya Halina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwa? Mama tana gaishe ki.

Yaya, ina cikin tsaka mai wuya. Jirgin saman da nake ƙerawa a rumfar da ke bayan gidanmu ya kammalu, injin nan mai juyawa da na ciro daga tsohuwar mota ya zauna daram. Amma da zarar na tayar da shi, sai allon da ke nuna zafin mai ya haukace, ya yi ja, yana ihu kamar gobara ta tashi. In kashe, in taɓa injin, wallahi ko shayi ba zai ɗumama ba! Na sauya na'urar awon zafin, na sauya mai, a banza. Leszek makaniki ya duba ya ce, "Witold, injinka ƙalau yake, kai ne mai zazzaɓin."

Ga matata Danuta ta kafa mini doka: da an haƙe dankali rumfarta take so ta adana shi a ciki. "Ko abin nan naka ya tashi sama, ko ya kwana a dusar ƙanƙara!" Fikafikan katako ne, Yaya, danshi zai cinye su. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ƙaninki,
Witold

Yaya Halina,

Ina fata wannan ta same ki lafiya. Zauna kafin ki karanta.

Jiya na cusa kaina ƙarƙashin allon, inji yana aiki. Me zan gani? 'Yar lambar tagulla mai hoton Waliyyi Kristofa, mai tsaron matafiya, tana lilo a sarƙa, irin wadda Baba ke ratayawa a mota. Inji ya girgiza, ita kuma ta taɓa wayar awon zafi, allo ya kwarma ihu!

Na shiga kicin da ita a hannu, raina a ɓace. Mama ko ɗago kai ba ta yi daga yankan kabeji ba.

Ta ce, "Ni na rataya. Sai da na kai coci aka sa mata albarka."

"Haba Mama! Ita ce ta hana ni tashi tun bazara!"

"To, ka faɗo?"

"A'a."

"Ka gani? Tana aiki."

Danuta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tunda laifin waliyyi ne, ta yafe mini rabin rumfa. Na rataya lambar a wuyana, allon kuwa ya yi tsit.

Ranar Asabar zan tashi. Ki yi mini addu'a, ki kuma buga wa Mama waya ki ɗauke mata hankali. Ɗazu na hango ta ta nufi coci, an ce wata lambar za ta karɓo, wadda ta fi wannan girma.

Naki har kullum,
Witold