Sun Niƙe Mini Irin Kaura

Gwaram, daren Laraba, farkon damina

Ruwan shuka ya sauka, ga ni ba iri. Zangarniyar kaurar da matata marigayiya Hajiya ta rataye a hayaƙin madafa ita na ara wa Sani malamin gona. Ya ce masu bincike za su duba abin da ke sa ta jure fari.

Yau na lallaɓa da sandata har ofishinsu. Ashe sun niƙe ta duka a ɗakin gwaji!

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Sani, har da murmushinsa. "Ƙwayoyin halittarta suna cikin kwamfuta, ba za su ɓace ba."

Na ce to ya ba ni kwamfutar in shuka.

Gobe sai in bi gida-gida ina roƙon iri, da furfurata, kamar wanda bai taɓa noma ba.