Na Kushe Miyar da Ban Ji Ɗanɗanonta Ba

Assalamu alaikum Malam Jalaluddeen,

Don Allah ka agaza mini da shawara kafin ranar Alhamis, in shafinka zai fito kafin nan. In ma bai fito ba ka ba ni, wataƙila wani ya amfana. Akwai kular miya a gidana da zan mayar wa mai ita, kuma tare da kular ake jiran amsa daga bakina. Amsar ce ba ni da ita.

Ni malamin gona ne, shekarata hamsin da biyu. Kusan kullum ina kan babur tsakanin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, wani lokaci har Babura. Mai irin wannan yawo ba ya cin abincin rana a gidansa. Sama da shekara ashirin ina ci a rumfunan tasha da bakin kasuwa, har na zama mutumin da ake tambaya ina ya kamata a ci. Wani an san shi da noma, wani da wa'azi, ni Allah Ya nufa da miya aka san ni. Direbobi suka laƙaba mini Alƙali. Na karanta littattafai masu yawa a rayuwata, ba wanda ya taɓa tambayata ra'ayina a kan ko ɗaya. Amma in na ce mai ɗanwaken kasuwar Roni ta fara ƙwauron yaji, kafin la'asar maganar ta isa Gwiwa.

A lokacin ba ƙarya nake yi ba. Na san mai balangun Babura da ke karɓar sefa da naira, namansa ba laifi, sai dai yankansa siriri ne har kana iya karanta jarida ta cikinsa. Na san Bafullatanar Gwiwa wadda nononta bai taɓa gaisawa da ruwa ba. Na san sababbin gidajen abincin nan na Kazaure masu gilashi da fanka da talabijin, inda ake kawo maka cokali a naɗe cikin takarda kamar kayan lefe, shinkafar kuwa ja ce kawai, ja babu dalili. Kujerunsu dai suna da daɗi, na sha faɗa.

Damina biyu da suka wuce na kwanta zazzaɓi da mura mai nauyi, kwana tara. Na tashi komai ya dawo, ban da hanci da harshe. Tun daga nan ban sake jin ɗanɗanon komai ba. Ina jin zafi da sanyi, ina jin tauri da laushi, barkono in ya yi yawa ina jin raɗaɗinsa. Shi ke nan. Tuwo, shayi, goro, duk abu ɗaya ne a wurina, abin taunawa a haɗiye.

Ban gaya wa kowa ba. Da farko na ce zai dawo. Daga baya na ga ba wanda ya lura, sai na ci gaba da yanke hukunci da ido da abin da na sani a da. In mai ya taso a kan miya in ce ta yi. In ta yi baƙi in ce daddawa ta yi yawa. Mutane su gyaɗa kai. Darajar hukuncina ba ta ragu ko kaɗan ba, Malam. Wannan ya koya mini wani abu game da masana gaba ɗaya, amma ba shi ya kawo ni ba.

Ko matata Zulaikha ban gaya mata ba. Akwai ranar da ta manta gishiri a miyar kuɓewa, yara suka ture kwano, ni kuwa na cinye na ce Allah Ya yi albarka. Ta dube ni, ta kwashe kwanuka.

To, akwai wata mai tuwo a tashar da ake lodin Roni da Gwiwa. Zan kira ta Dela, ba sunanta ke nan ba. Ta girme ni kaɗan. Mijinta ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki, da rumfar nan take riƙe da gidan. Tuwon dawa da miyar kuka da man shanu take yi, ba ta yin komai bayan wannan, kuma ban taɓa cin wanda ya kamo ƙafarta ba. Ni na fara jan direbobi wurinta shekaru da yawa da suka wuce. Tun da harshena ya mutu na daina zuwa, ina zagayawa ta bayan tasha don kada ta gan ni. Ajiye ta na yi. Na ce a raina in akwai abin da zai tashi harshen nan to miyar Dela ce, kuma muddin ban gwada ba, ban kai ga fid da rai ba.

Bayan yankan geron bana, wata Talata, na je. Ta yi murna, ta ce ashe Malam bai manta da su ba, ta zuba mini man shanu fiye da na kuɗina. Na kai loma. Babu komai. Kamar na guntsi ruwan ɗumi. Na cinye malmala biyu ina jira. Na wanke hannu, na biya, na fito.

Direbobi suna zaune a gindin darbejiyar bakin tasha. Wani Daudu mai motar Gwiwa ya tambaye ni yaya na baro miyar yau. Na ce hannun Dela ya sauka, miyar ta zama lami. Haka kawai. Ban yi fushi ba, ban ƙulla komai ba. Abin da na ji a bakina na faɗa, sai dai tukunyarta na ɗora wa.

Yau sati uku ke nan. Dama wani Hamma ya buɗe sabon wuri a tsallaken titi, shinkafa da taliya, sai direbobi suka koma can ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka shekara goma suna suɗe kwanonta suka fara gano cewa ai sun daɗe da lura. Daudu har rantsuwa ya yi tun Babbar Salla ya ji miyar ta canja. Benci biyu ne a rumfarta, yanzu ɗaya a jingine yake da bango. Ta koma ƙaramar tukunya. Na ji ta daina sayen daddawa a wurin matar da suka daɗe suna ciniki, har sun ɓata. Ta aika Babura a sayo mata kuka. Tana ta gyaran abin da bai lalace ba, kuma na san in ta ci gaba, wata rana za ta gyara har ya lalace da gaske. Ana cewa in watan nan ya ƙare a haka za ta saki rumfar.

Shekaranjiya ta tare ni ina tayar da babur. Ba ta yi mini gori ba, ko fuska ba ta canja ba. Da hannunta ta ɗaura mini kula a baya, ta ce in kai gida in ci a natse, ranar Alhamis in dawo mata da ita in gaya mata abin da ya rage a miyar, don bakina kaɗai ta yarda da shi. Na kai gida. Zulaikha ta ci har ta suɗe, ta ce in wannan ba miya ba ce ita ba ta san abin da mutanen tasha suke nema ba.

Ya kamata in ce maka abin ya hana ni sukuni. Gaskiya bai hana ba. Ina cin abincina, ina zuwa aikina. Na san na yi ɓarna kamar yadda na san nisan Kazaure zuwa Roni, a kai na sani, ƙirjina shiru. Kamar abin da ya kama harshen ya gangara ciki. Wannan ma ya kamata ya tsorata ni, ina dai jira.

Hanya biyu na gani. In je ranar Alhamis in ce yanzu miya ta gyaru, in maimaita a gindin darbejiya, direbobi su koma, kowa ya huta, sirrina ya zauna. Ko kuma in faɗi gaskiya, duk hukuncin da na yanke a shekara biyu ya rushe, in rasa abu ɗaya tak da ake kirana dominsa. Ta farkon ba ta cutar da kowa, a ganina. Amma ka ga yadda ganina da jina suka zama, shi ya sa na rubuto.

Alƙalin da ba ya ji,
Kazaure.

*

Wa alaikumus salam Malam Alƙali,

Allah Ya ba ka lafiya. Damina biyu mutum yana cin abinci kamar mai biyan haraji, kuma shi kaɗai ya sani, ba ƙaramin kaya ba ne. Ban raina shi ba, ko da zan ɗan yi maka dariya a gaba.

Hanyarka ta farko ba ta wauta ba ce, na juya ta sosai. Tana da sauri, kuma abin da ya fi matsa wa Hajiya Dela kafin ƙarshen wata shi ne mutane a kan benci. Amma duba abin da za ta bari a baya. Baiwar Allah za ta zauna da yaƙinin cewa hannunta ya taɓa sauka bai sanar da ita ba, kullum ta ɗora tukunya tana shakkar kanta. Za ta ci gaba da wahalar aike Babura neman kukar da ba ta fi ta gida ba. Mai daddawa za ta zauna da laifin da ba nata ba. Sannan duk ranar da ciniki ya ja baya, wa za ta aiko wa da kula? Kai. Ka ce ba ta cutar da kowa, ni ga mutum uku na ƙirga, har da kai.

Ka fara daga gida, yau. Mace tana iya manta gishiri. Amma wadda ta ga mijinta, Alƙali guda, ya cinye miya lami ya sa albarka, ta tsaya ta dube shi, ta san abin da ta gani. Ina kyautata zaton sirrinka ya daɗe da zama na mutum biyu, ɗayan tana jira ne ka ga dama. Ka sauƙaƙa mata.

Ranar Alhamis ka je da hantsi, kafin a taru. Ba a mayar da kwano wayam, don haka ka bi ta wurin tsohuwar mai daddawar ka sayo ka zuba a kular. Ka gaya wa Hajiya komai yadda ka gaya mini, har da dalilin da ya sa ka daɗe kana zagaye rumfarta, don wannan yabo ne da ya kamata ta ji. Ka nemi gafararta, kada ka tsawaita. In ta yi fushi hakkinta ne, ka tsaya ka ɗauka.

Daga nan ka wuce gindin darbejiya. Inda aka yi ɓari nan ake kwashewa. Ka bari sai Daudu yana nan. Za su yi dariya, za su sake maka suna, kuma sabon ba zai kai na da daɗi ba. Sati guda za a yi ana yi da kai. Amma ka tuna akwai wanda ya rantse tun Babbar Salla ya ji miya ta canja, kuma shi harshensa lafiya lau. Ba kai kaɗai za ka sha kunyar ranar ba. Kada ka umarce su su koma, zamanin hukunci ya wuce. Ka ce tuwon rana a kanka yake, kowa ya zo ya ɗanɗana da bakin da Allah Ya ba shi.

Ba zan yi maka alkawarin duk za su dawo ba. Wasu sun saba da shinkafar Hamma, shi ma nema ya fito, bai yi wa kowa laifi ba. Amma rabin benci da miyar da mai ita ta yarda da ita ya isa a sake gini a kai.

Sai maganar jikinka. Ka je asibiti ka ga likitan hanci da maƙogwaro, ka ba shi labarin tun daga zazzaɓin. Wasu abin yana dawo musu a hankali, wasu ba ya dawowa, shi zai fi ni sani. Ka kuma gaya masa wannan shirun da ka ce ya sauka ƙirjinka, kada ka bar shi a bakin ƙofa don kunya. Ni dai ban cika yarda da shirun ba. Wanda ƙirjinsa ya mutu ba ya lura da bencin da aka jingine da bango, balle ya zauna ya rubuta wasiƙa shafi uku a kai.

Sunan Alƙali zai tafi, haka ne. Shekara biyu ke nan da tafiyarsa, rigar kawai ka riƙe. Ita kuwa Hajiya Dela tana can tana juya tukunya, tana jiran mutumin da ta fi yarda da shi ya gaya mata abin da ya rage a miyarta. Ka je ka gaya mata babu.

Allah Ya ba mai gidanta sauƙi, Ya buɗa mata kasuwa, kai kuma Ya mayar maka da abin da ka rasa, ko Ya musanya maka da wanda ya fi shi.

Naka,
Jalaluddeen.