A Mayar wa Maigidana Bindigar Simintinsa

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Ayyukan Ƙawata Gari

Daga:
Matar tsohon maginin da ke aikin kazar bulo, harabar ɗakin karatu

14 ga Mayu, 2024

Game da: Karɓe kayan cike tsagar bulo daga hannun maigidana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka. In ka ga rubutuna ya karkace a wani wuri, ka yi mini afuwa, dariya ce ta kama ni ina tsakiyar layi.

1. Maigidana magini ne, ya shekara arba'in da ɗaya yana sana'ar. Shekara biyu da suka wuce hannunsa na dama ya fara rawa. Kafin ya kai cokalin gini bakin bango, rabin kwaɓin ya zube masa a takalmi. Ya ajiye aiki ya dawo gida, ya zauna ƙarƙashin taga yana gyara mini yadda nake shara.

2. Ranar 3 ga Maris ofishinka ya ɗauke shi aikin gina ƙatuwar kaza ta jan bulo da 'yan tsakinta bakwai, domin an rasa wanda ya iya lanƙwasa bulo kamarsa. Ranar 5 ga wata mai sito ya damƙa masa kaya uku: bindigar siminti, wadda ake ɗura wa kwaɓi a matsa ya fito siriri; jaka mai bakin mazurari don lungunan da bindiga ba ta shiga; da lanƙwasasshen ƙarfe na shafe layi. Yallaɓai, ita bindigar nan da hannu biyu ake riƙe ta, na hagu ya danne na dama. Ranar ya shigo gida yana tafiya kamar wanda aka ƙara wa tsawo, ya shaida mini cewa ya cike layi goma sha tara ko ɗigo bai zuba ba. Ya faɗa mini a bakin ƙofa, ya maimaita wajen cin abinci, ya kira 'yarmu a waya ya faɗa mata, ta ce ai ya riga ya kira ta ɗazu.

3. Na amince cewa ranar 4 ga Mayu ya saɓa doka ya kawo kayan gida. Sai dai ina so a rubuta a fayil cewa ni na sa shi. Akwai wata tsaga a bangon kicin ɗina da nake magana a kanta tun 'yarmu tana goye. Ya cike ta cikin minti shida, ina tsaye ina tafi kamar yarinya. Kuskurena shi ne da ban karɓe bindigar nan take ba. Kafin in gama wanke-wanke ya cike tsagar matattakala, ya bi katangar maƙwabciyarmu ba tare da ta roƙa ba, ya toshe ramin da muke saƙala sandar labule. A ƙarshe ya ga wani rami a gindin bangon banɗaki, ya cike shi, ya bi da ƙarfe ya shafe sumul. Ranka ya daɗe, magudanar ruwa ce. Washegari na yi wanka da ruwa har idon sawu, kuma ina tabbatar maka ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba.

4. Ranar 6 ga Mayu mai sito ya karɓe kayan, ya kulle su, ya ce ba za su fito ba sai da sa hannunka. Ba na ganin laifinsa, aikinsa ya yi, har ma an ce shi kansa sai da ya juya baya yana dariya da ya ji batun banɗakin. Amma yau kwana takwas ke nan kaza na tsaye, fikafikinta na hagu da wuyanta ba a cike ba. Tsagar da ke tsakanin gashin fikafikin ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, cokali ba ya shiga. Idan ruwan sama ya samu hanya ta nan, aikin wata biyu zai fara sakin jiki. Maigidana kuwa kullum sai ya je, ya zagaya ta sau uku, ya shafa mata baya, ya dawo ƙarƙashin taga.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta, cikin ladabi:

Na ɗaya, ya sa hannu a fito da kayan nan uku kafin ƙarshen mako.

Na biyu, in hukunci ya zama dole, a aiko da takardar gargaɗin da sunana, zan karɓa hannu bibbiyu.

Na uku, a ba ni izinin zuwa harabar kullum ƙarfe biyar na yamma, in karɓi bindigar daga hannun maigidana in miƙa wa mai sito da kaina. Mai sito yana jin nauyinsa, ni kuwa shekara talatin da shida ina karɓe abu a hannun mutumin nan.

Maigidana ya ce in sanar da kai cewa ba shi da masaniyar wannan takarda. Yana nan zaune kusa da ni, shi ya gyara mini ranakun.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya da basira.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Matar tsohon magini