Majigin da Ba Ya Magana

Kazaure, daren Laraba

Har yanzu abin bai fita raina ba.

Motar majigi ta zo yau, aka haska a bangon firamare. Bayan fim ɗin allurar shanu, mai majigin ya ɗauko wani tsohon fim na Jamus wanda ba murya a cikinsa, sai rubutu jefi-jefi. Hedimasta ya miƙo mini lasifika ya ce, "Malam, kai ne ka fito daga jami'a, faɗa mana abin da suke cewa."

Ga Hakimi a zaune, ga Baba a bayansa. Ni kuwa ko kalma ɗaya ta Jamusanci ban sani ba. Na ga in na ƙirƙiro na yi ƙarya, in na yi shiru na kunyata Baba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rubutun ya fi ƙarfina. Abin da na tabbatar kawai, fim ɗin ya girme ni nesa, kuma da wuya mutanen ciki suna raye."

Sai ga jarumin fim ɗin yana tsallaka rami a kan igiya, maƙiyinsa na binsa da wuƙa. Filin ya kaure: "Waiwaya! Yana bayanka!" Ni ma na manta da lasifika a bakina, na kwarma ihu.

Matacce ne fa, amma ga shi yana haki a bangonmu. Ikon Allah!

A hanyar gida Baba ya ce, "Gara da ba ka sa wa mamata magana a baki ba."