A Tsayar da Majigi Luba Ta Kai Ƙarshen Sunaye

Zuwa ga Shugabar makarantar da jikata Luba ke karatu a Boɗinga,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaishe ki, ina gaida malamai, da fatan aiki na tafiya lafiya.

Ni Bawa ne daga Danchadi. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ne ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na ce a karanta shi ga kowa. Sau biyu na zo ƙofarku, mai gadi ya ce kina taro.

Na farko. Tun daga kakana, gidanmu ke riƙe da sunayen waɗanda sunka sare fadamarmu, da wanda ya gaji wane, da inda iyakar kowa ta tsaya. In rigimar gona ta tashi, ni ake kira. 'Ya'yana sun tafi neman abinci, ba wanda ya zauna ya ɗauka. Luba kaɗai ta zauna. Tun tana ƙarama take biye da ni tana maimaitawa, ta ɗauki fiye da rabi.

Na biyu. Malaminsu ya ce kowace ɗaliba ta kawo tarihin garinsu, ta faɗe shi gaban aji da majigi. An ce hoto kan tsaya sakan ashirin ya wuce da kansa, ko ka gama ko ba ka gama ba. Luba ta yi murna, ta ari waya ta ɗauko hoton rijiya da kukar bakin iyaka da gonar albasa. Amma mu nan ba mu kiran sunan mamaci mu wuce. Sai an ce Allah shi jiƙan shi, masu ji su ce amin, kana a kira na gaba. Haka na koya mata, haka ta yi. Tana kan mutum na huɗu hoton albasa ya fito. Aji ya fashe da dariya. Majigi ya ƙare, anka ce ta zauna.

Na uku. Ta kawo mini takardar da malam ke auna maki, gida-gida kamar fangalin lambu. Tela ya karanta mini. Akwai gidan kiyaye lokaci, akwai na kyawun hoto, akwai na kallon jama'a. A gidan madogara an ba ta sifili, wai maganar kaka ba littafi ba ce. Ranki ya daɗe, wane littafi zan ba ta? Ba a taɓa rubuta sunayen nan ba. Ban ce malam mugu ne ba, yara da yawa gare shi, dole ya raba lokaci. Ya ma ce ta sake, amma ta cire addu'a, ta bar suna uku. Waɗanne uku? Wa za a jefar?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni cin tuwo. Tun ranar Luba ba ta sake zama kan tabarmata ba. Takan gaishe ni daga bakin zaure ta wuce. Ƙawayenta sun laƙaba mata Allah-Jiƙan-Albasa. Ni kuma jikina ya fara gaya mini gaskiya. Ran Juma'a ana maganar iyaka, na nemi sunan wanda ya haƙa rijiyar gabas na rasa. Ya ɓace mini ɓat, mutane na kallona. Luba ta san shi. Na aika a tambaye ta, ta ce ta bar wannan sha'ani.

Don haka ina roƙon ki, don Allah don Annabi. Ban nemi maki ba, ku bar sifilin inda yake. A ba ta rana guda, a ajin da anka yi mata dariya, a sa hannu a tsayar da majigin har ta kai ƙarshe. Malam ya ce amin da bakinsa, yara za su bi. In kin yarda, a ɗauko ni a babur in zauna baya, ba zan ce uffan ba. Kada a ce sai zango mai zuwa. Abin da ya rage ban ba ta ba yana da yawa, kuma kullum raguwa yake yi a kaina.

Allah shi ƙara miki lafiya, shi raya zuriyarki, shi ba ki masu kiran sunanki da addu'a.

Wassalam.

Bawa, Danchadi.