Farantin da Hafsatu Ta Raba Mini

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu nan Riyad sai godiyar Allah.

Albishirinki. Jiya na koma asibiti, likita ya duba jinina ya ce sugan ya sauka, zan ci gaba da tuƙi. Dā kafilina, maigidan da nake yi wa tuƙi, ya ce in jirin nan bai daina ɗibata ba, sai dai in ajiye masa mota.

Aikin 'yarki Hafsatu ne. Tun da ta fara karatun ilimin abinci a jami'a ta karɓe girkina daga hannun uwarta. Ta raba mini faranti, rabi ganye, sauran wake ko kifi da 'yar shinkafa. Na ce, "Ni akuya ne? Ina kabsata, dafa-dukan shinkafata da nama?" Ta ce, da Hausar nan tata mai gargada, "Baba, shinkafa da burodi suga suke komawa a jini. Wake yana gina jiki, ganye kuma yana rage wa sugan gudu." Wata uku muna wannan rigima.

Da likitan ya tambayi wanda ya tsara mini abinci, na nuna ta. Suka yi ta Larabci yana gyaɗa kai, ni kuwa ina gefe bakina ya ƙi rufuwa.

Ki sa ta a addu'a, jarrabawarsu ta matso. In an samu mai tahowa, a aiko mana da busasshen zogale. Ki gaida kowa, ki ce wa Inna jikarta ce ta riƙe mini aikina.

Ƙaninki,
Sabi'u