Jitar Yaya a Banɗakin Situdiyo

A sanar da masu karatu na kusa da na nesa cewa wannan fili ya ɗage duk shari'o'in aure da na gado, domin yau mutuncin wani tsohon akwatin sauti ne ke gabanmu. A nutsu.

Malam mai shawara,

Don Allah ka taimake ni, kwana biyar ke nan abinci ba ya min daɗi. Ni makaɗin jita ne, shekara ashirin da shida ina sana'ar da amfilifaya ɗaya, wato akwatin ƙara sauti, wadda ko matata ba na bari ta goge mata ƙura. Ƙanwata mawaƙiya ce, mijinta kuma shi ke ɗaukar sauti a situdiyo. Ta roƙe ni in kaɗa mata a waƙarta ta farko. Na je na kaɗa sau ɗaya tak. Yatsuna na hagu sun fara sanƙarewa tun bara, ban ma faɗa wa kowa ba, amma ranar sai suka saki kamar da.

Da aka gama aiki, duk wanda ya ji sai ya yabi jitar. Ashe, kamar yadda na ji a bakin wasu, lokacin da nake kaɗawa surukin nawa ya raba wayar jitar gida biyu, ɗaya ta shiga amfilifayata, ɗaya ta wuce kwamfuta da tsuran sautin. Wai tawa tana huci kamar tsohon firji. Sai ya watsar da abin da ta fitar, ya tura tsuran nan cikin wata amfilifaya, ya sa makirufo ya sake ɗauka. Kuma a banɗaki ya ajiye ta, wai tayil ɗin wurin na ba da amo mai daɗi. Ni, yayan matarsa, a banɗaki. Na ce ko a cire jitar ko ƙanwata ta manta tana da yaya. Ranar Asabar za a saki waƙar, tana ta kira ban ɗaga ba.

Yayan mawaƙiya

Ya kai yayan mawaƙiya,

Sau uku na bi wasiƙarka ina tonon zalunci, kamar yadda masana ke tonon kufai, ban samu komai ba sai tsohon firji. Wa ya kaɗa jitar? Kai. Banɗaki dai, iyakar binciken da na yi, bai taɓa danna tsirkiya ba. Ka shekara ashirin da shida kana zaton akwati ne gwanin, kai kuma ɗan rakiyarsa. Wannan raini da ka yi wa kanka ya fi wanda kake zargin surukinka da shi.

Hikimar wannan aiki ita ce a raba kaɗi da muryar da zai fito da ita. Kaɗin sau ɗaya ake yi a adana, muryar kuwa a iya sauya ta gobe ko baɗi ba tare da an sake wahalar da makaɗi ba. Da bai ajiye tsuran ba, da hucin ya manne wa waƙar ƙanwarka har abada, ko kuma a kira ka ka maimaita da yatsun nan da ka ɓoye a tsakiyar wasiƙa, kana zaton ba zan gani ba. Ranarka mafi kyau a bana mutumin nan ya ceto, kai kuma kana fushi da tayil.

Shi ma ba tsarkakakke ba ne. Bai kamata yayan matarsa ya ji labari a bakin wasu ba, kuma ya cancanci harara ta kwana ɗaya. Ka yi masa ta kwana biyar, don haka an wuce haddi.

Ka kai amfilifayarka a gyara. Tunda tsuran na nan, a tura shi cikinta, ka juya baya a kunna maka biyun, ka zaɓa da kunnenka. Kafin nan ka kira ƙanwarka yau, ka gaya mata maganar yatsun, gobe ka ga likita. Allah ya ba ka lafiya, ya sa waƙar ta karɓu.

A ƙarshe, tunda shekara goma sha ɗaya edita na gyara rubutuna a ɗakin da ban sani ba, ana yabona ban taɓa ce masa sannu ba, na ci kaina tarar kofin shayi ɗaya, zan kai masa da hannuna. Sukari kuwa ya nemi nasa.